Nesa Ta Zo Kusa, Uzurin Ɗalibi Ya Ƙare

Ɗiyar yayata tana aji biyu a jami'a a Kano, idan ta samu sarari a ƙarshen mako takan zo wurinmu ta kwana biyu. Wata Asabar da safe muna karyawa, ta kife wayarta kusa da kofin koko, wayar nan sai kakkarwa take yi a kan darduma. Can ta ɗauka ta kara a kunne, na ga fuskarta ta canza. Na ce lafiya? Ta ce, "Kawu, Umma ce." Sai ta sake kunna saƙon a fili. Muryar yayata ce, ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta idar da sallar asuba ba ta tashi daga kan sallaya ba: "Na ga har ƙarfe ɗaya da rabi na dare kina kan waya. Kuma tun bayan isha'i na turo miki saƙo, kin saurara ba ki ce komai ba. Lafiya dai ko?"

Lafiyarta lau. Gwaji ne da su ranar Litinin, 'yan ajinsu suna ta turo tambayoyin shekarun baya, ta saurari saƙon uwar ta bari a kan sai da safe ta amsa a natse. A can Katsina kuwa uwa ta kwana tana juyi.

Ana yawan cewa waya ta kashe zumunci, ta raba yara da iyayensu. Abin da idona ke gani ya saɓa wa haka. Ba a taɓa yin zamanin da ɗalibi ke magana da gida da dangi da abokai kamar yanzu ba. Abin da ya mutu shi ne uzurin nisa. A da, idan aka ce wane yana makaranta, an gama magana: ba a sa ran ganinsa a suna, ba a jin haushin shirunsa. Yau ɗalibi yana makaranta, kuma yana gida, yana unguwa, yana cikin tsofaffin abokansa na sakandare, duk a lokaci guda, kuma kowane ɓangare yana ganin yana da haƙƙin a amsa masa yanzu-yanzu.

Mu da muka yi karatu a Zariya a ƙarshen shekarun 1990, idan ka hau mota a tasha ka tafi ke nan sai hutu. Wasiƙa kake rubutawa ka ba direban garinku, ko wani ɗan unguwa da zai leƙa gida. Amsa ta zo bayan mako biyu, da 'yan kuɗi a ambulan, da ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli. Mai son burgewa ya aika kati gidan rediyon Kaduna a gaida mutanen gida a filin zaɓi sonka. A yi wata guda ba a ji ɗuriyarka ba, babu wanda zai tashi hankalinsa, domin kowa ya san da wani abu ya faru da an ji.

A watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya, Econet da MTN suka buɗe layukansu. Kuɗin layi kaɗai a lokacin ya fi ƙarfin ɗalibi, sai dai a je wurin masu laima a bakin titi a biya kuɗin minti. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, abin ya fara sauƙi. Aka yi zamanin filashin, aka yi zamanin kiran dare na kyauta da ya hana samari da 'yan mata barci, aka yi zamanin manhajojin hira na 2go da BBM. Duk a wannan tsakanin uzuri yana nan da ransa, domin kana iya cewa ba ni da kati, kuma a yarda.

WhatsApp ne ya rufe wannan ƙofa. An ƙirƙire shi a Amurka a 2009, Facebook ya saye shi a 2014, kuma ba don ɗalibin Samaru ko na Maiduguri aka tsara shi ba. Amma wasu ƙananan abubuwa da aka sa a cikinsa sun taɓa zaman gidajenmu fiye da yadda masu shi za su yi zato. A watan Nuwamban 2014 aka kawo alamar nan shuɗiya mai nuna an karanta saƙo. Haɗa ta da layin da ke faɗin lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe, sai ka ga shiru ya tashi daga rashin labari ya koma laifi. Hausawa dama sun ce shiru ma amsa ce, to yanzu ga shaida a rubuce, da awa da minti. Yayata ba leƙen asiri take yi ba. An miƙa wa uwa taga ne zuwa ɗakin ɗiyarta, kuma babu uwar da za a ba wannan tagar ta ƙi leƙawa.

Saƙon murya kuwa, wanda ya shigo a 2013, shi ne ya jawo iyayenmu mata cikin harkar. Mata da yawa da suka yi allo da islamiyya, ba su saba da rubutun boko ba, a da sai sun nemi yaro ya rubuta musu wasiƙa, kuma abin da za ka faɗa ta bakin yaron maƙwabta yana da iyaka. Masu dogon tunani za su tuna yadda 'yan ci-rani da mazauna Makka ke ɗaukar murya a kaset su aiko gida, a taru a tsakar gida a saurara. Saƙon murya jikan wannan kaset ɗin ne, sai dai shi ba ya jiran matafiyi, kuma kunne ɗaya yake shiga.

A nan na ga wani abu da ya taɓa zuciyata. Yarinyar nan ita ce 'yar fari. Yayata ba ta taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ba ta zama da ita su yi doguwar hira, kunyar ɗan fari ta hana. Amma a saƙon murya, inda babu ido, takan yi mata addu'a ta minti uku, ta tambaye ta ko tana cin abinci, ta ce mata ta riƙa sa rigar sanyi. Abin da kunya ta danne shekara ashirin, waya ta ba shi hanyar fita. Yarinyar ta ce min ba ta goge waɗannan saƙonnin ko da wayar ta cika, hotuna take sharewa. Duk mai cewa waya ba ta kawo komai ba sai ɓarna, ban jin ya taɓa sauraron irin wannan saƙo.

Haka kuma na san gidajen da ba don waya ba, da ba a bar 'ya mace ta tafi karatu wani gari ba. Uba ya yarda ne saboda ya san ko yaushe zai iya jin muryarta, ya kira ta bidiyo ya ga inda take. Igiyar da ta ɗaure ta ita ce ta ba ta damar tafiya, shi ya sa ba na saurin yanke hukunci a kan iyayen da ke yawan bibiya.

Da uba kuwa hirar gajera ce. Sallama, ya karatu, sai maganar kuɗi. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya ce "Baba kuɗina sun ƙare" ba, yana iya rubutawa cikin sauƙi, ya kwanta yana jiran alat. Wannan sauƙin yana da kaifi biyu. Mu a lokacinmu kuɗin wata idan sun ƙare ranar ashirin, dole ka san yadda za ka yi da garin kwaki da bashin mai shago, kuma a nan muka koyi lissafi. Yanzu ana iya turo dubu biyu yau, dubu uku jibi, ta OPay ko Moniepoint, har uba ya fara jin cewa ba a tuna shi sai aljihu ya bushe. Wani dattijo ya taɓa ce min da ya ga dogon "Assalamu alaikum Baba, da fatan an tashi lafiya" ya san abin da ke tafe a layi na biyu. Yana faɗa yana murmushi, amma na ji ciwon a muryarsa.

Sai zauren dangi na WhatsApp, inda aka tara kawu da gwaggo da ɗan auta a wuri ɗaya. A zauren gida na gaske kowa ya san inda zai zauna, ya san lokacin da zai yi magana, yaro ya durƙusa ya gaida manya ya fita. A na waya babu tabarmar manya, saƙon kowa girmansa ɗaya. Ɗalibi ne yawanci ake ɗauka a matsayin mai ido a buɗe, don haka idan kawu ya turo labarin wani magani mai warkar da cuta arba'in, ko hoton wani rikici da aka ce jiya ya faru alhali tsoho ne daga wata ƙasa, yaron yana gane ƙarya ce. To ta yaya zai faɗa? Idan ya yi gyara a bainar dangi, ya yi rashin kunya. Idan ya yi shiru, gwaggo za ta sha maganin. Ba mu manta daren watan Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da aka tashi mutane da kira da saƙonni a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har aka rasa rayuka. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019, amma bai rage nauyin bakin kawu a kan ɗan ƙanwarsa ba. Masu wayo cikin yaran sukan bi ta bayan fage, su kira uwarsu su ce, "Umma, don Allah kar ki sha abin nan da Kawu ya turo." Ita kuma ta san yadda za ta gaya wa ɗan'uwanta.

Abin da ya fi damuna a wannan ɓangaren shi ne labarin mutuwa. A al'adarmu ba a jefa wa mutum shi. Babba ake aikawa, ya zauna, ya gaisa, ya yi nasiha a kan haƙuri, kafin ya kai ga maganar mai sauraro ya riga ya shirya. Ɗalibi kuwa cewa ake yi, "jikin Baba ya ɗan matsa, ka zo gida." Ya hau mota yana zargi amma da sauran fata, ya isa cikin 'yan'uwansa kafin a tabbatar masa. Idan yana tsakiyar jarrabawa, wani lokaci a rufe har ya ajiye alƙalami. Akwai rahama a cikin wannan jinkirin. Yanzu kafin a gama yi wa mamaci wanka, wani ɗan maƙwabta ya ɗora hotonsa a sitatus da "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na san yaron da ya ga hoton mahaifinsa haka yana zaune a ɗakin lakca, cikin mutum ɗari biyu da ba su san abin da ya same shi ba. Wanda ya ɗora hoton ba mugu ba ne, addu'a yake nema wa mamacin. Amma ya ƙwace wa dangi wani aiki da su kaɗai suka san yadda ake yin sa, kuma har yau ba mu zauna mun yi wa kanmu ƙa'ida a kan wannan ba. Ya kamata limamai su riƙa faɗa a kan mumbari: kada a ɗora rasuwa sai an tabbatar 'ya'yan mamaci na nesa sun ji daga bakin nasu.

A cikin makaranta, zauren aji ya zama allon sanarwa. Malami ya gaya wa wakilin aji an ɗage lakca ko an matso da ita, shi kuma ya watsa. Takardun darasi, jadawalin jarrabawa, sauyin ɗaki, duk ta nan. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, amma ya mai da babbar waya da data da caji tamkar wani kuɗin makaranta da ba a rubuta a takarda ba. Yaron da ya zo daga ƙauye da ƙaramar waya mai tocila sai ya riƙa raɓar wani yana tambayar me aka ce, ranar da abokin ya manta, ya rasa gwaji. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, irin waɗannan yaran ne suka fara ji a jikinsu, domin daga kuɗin abinci ake yanko na data.

Ta fuskar abota, ba zan ɓoye ra'ayina ba: a nan muka yi asara mafi girma, kuma ba a cika lura da ita ba. Ɗakinmu a makaranta akwai Bayarabe daga Ilori, da Tibi daga Binuwai, da wani Babur daga Biu. Ba mu zaɓi juna ba. Amma idan aka ɗauke wuta da daddare babu abin yi sai hira, tun ana taka-tsantsan har a kai ga gardamar addini da siyasa, a yi fushi, da safe a ci abinci a kwano ɗaya. Kaɗaici ne ya tura mu ga juna. Yau sabon ɗalibi yana shiga ɗaki da abokansa na sakandare a aljihu. Idan kewa ta taso, ba ya buƙatar juyawa ga baƙon da ke gadon sama, sai ya toshe kunne ya koma cikin waɗanda ya saba da su, masu harshensa da fahimtarsa. Mutum huɗu a ɗaki, fuska huɗu a haske, kowa yana dariya da wanda ba ya nan. Riƙe tsohon aboki abu ne mai kyau, mu da yawa namu sun ɓace mana har abada saboda rashin adireshi. Sai dai jami'a na daga cikin 'yan wuraren da ƙasar nan ke tilasta wa 'ya'yanta su san juna, kuma waya ta sassauta wannan tilascin.

Duk da haka na ga ranar zaurukan nan. A 2020 an rufe makarantu saboda korona ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na kusan wata tara, a 2022 aka sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas yara suna zaune a gida. Zaurukan aji ne suka riƙe su, a nan ake jin wa ya kama sana'a, wa aka ɗaura wa aure, wa ya rasa uwa. Da yawa a lokacin suka fara tallan turare da atamfa da takalma a sitatus, wasu har yau da shi suke biyan kuɗin rajista. Ɗiyar yayata ta nuna min yadda suka haɗa wa wata 'yar ajinsu kuɗin makaranta cikin kwana uku, ɗari biyar-biyar, dubu ɗai-ɗai, ba tare da an ambaci sunanta a zauren ba don kada ta ji kunya. Zumunci ne wannan, ko da ba a taka da ƙafa ba.

Matsalar rubutu ita ce ba shi da fuska, alhali labarin zuciya fuska ake tambaya. Ɗauki kalmar "to". A baki tana iya zama yarda, ko mamaki, ko gargaɗi, ko sallama, gwargwadon yadda aka ja ta. A rubuce, idan ƙawa ta yi dogon bayani aka amsa mata da "To" ƙwaya ɗaya, sai ta kwana tana tunanin me ta yi. Shi ya sa yaran ke rubuta "tohh" da "tooo", suna liƙa 'yan fuskoki masu dariya, suna ƙoƙarin mayar wa kalma muryar da rubutu ya cire mata. Manya na yi musu faɗa a kan "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd", kuma gaskiya ne bai dace a aika wa malami ko suruki irin wannan ba. Asalin abin dai daga zamanin tes ne, lokacin da haruffa 160 ne iyakar saƙo ɗaya kuma kowanne da kuɗinsa. Ni abin da na fi lura da shi shi ne ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yadda yaran nan ke rubuta ta kullum ba, ko da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ suna zubewa a hanya.

Kuma abin da aka rubuta ko aka ɗauka a murya ba ya bin iska. Magana zarar bunu ce tun a da, amma a da sai a ce wane ya ce, kai kuma ka ce ba haka ka faɗa ba, manya su shiga tsakani a sasanta. Yanzu hoton hirar ake ɗauka a tura. Sirrin da yarinya ta gaya wa aminiyarta da ƙarfe biyun dare yana iya zaga ɗakunan kwana kafin azahar. Yara suna magana a zauren mutum ɗari uku kamar suna ɗaki da abokai uku, sun manta ba su san rabin masu sauraro ba. Mafi munin abin da wannan ya haifar mun gan shi a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda saƙon murya da wata ɗaliba ta tura zauren ajinsu, wanda aka ce ya ƙunshi ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), ya kai ga kashe ta a cikin makaranta. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, kuma babu wanda shari'a ta ba ikon ɗaukar doka a hannunsa. Tsakanin furucin da aika-aikar babu tazarar da wani babba zai samu ya shiga, saƙon ya riga kowa isa ko'ina.

Wanda ke son sanin zurfin da abin ya yi, ya tambayi ɗaliban Zamfara abin da suka gani a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Yaron da ke karatu a Kano ko Zariya ya wayi gari ba ya jin uwarsa a Gusau, ba a iya turo masa ko sisi. Aka koma ba direbobi wasiƙa kamar zamaninmu. Amma shirun bai zama irin namu ba. Mu shiru lafiya yake nufi, su kuwa sun saba da jin murya kullum, ga kuma dalilin katsewar kansa abin tsoro ne.

Ɗiyar yayata dai, bayan ta koma makaranta, sai ta shiga saitin wayarta ta ɓoye lokacin hawanta, ta kashe alamar shuɗin. Ba a yi kwana biyu ba yayata ta kira ni. Ba ta ambaci sunanta ba, kamar kullum. Ta ce, "Wai 'yar taka me na yi mata ta rufe min ƙofa?" Na ce, "Yaya, ba ke ta rufe wa ba. Zaure goma sha ɗaya take ciki, kowa jiran amsa yake, ga karatu." Ta yi shiru jim, sannan ta ce ita ba amsa take nema ba, idan ta farka cikin dare ta duba ta ga yarinyar ta leƙa awa ɗaya da ta wuce, sai ta san tana numfashi, ta koma barci.

Na gaya wa yarinyar yadda muka yi, kalma da kalma. Ba ta ce komai ba a wayar. Da daddare ta turo min saƙo tana tambaya ko akwai yadda za a buɗe wa mutum ɗaya kawai a rufe wa saura. Na ce akwai, sai dai za ta bi sunayen da ke wayarta ɗaya bayan ɗaya tana cirewa. Ta ce sun fi ɗari huɗu. Washegari da hantsi yayata ta sake kira, ba ta tayar da maganar ba, ta tambaye ni farashin gero a Dawanau.